Sarkin da Aka Ce wa "Da Sauƙi"

An ce wani sarki ya gaji wata al'ada daga kakanninsa: duk gidan da ke da tsoho ko mai doguwar jinya, ana auna masa gero daga baitulmali kowane wata. Sarkin nan mutum ne mai tausayi ƙwarai, musamman in tausayin ba zai taɓa rumbu ba. Yana kuma da burin gina soron da za a riƙa hangowa daga bayan gari.

Wazirinsa, wanda ya iya karanta fuskar ubangidansa fiye da yadda ya iya karanta allo, ya ce, "Ya sarki, jinya ibada ce. In muna biyan masu yinta, ai muna rage musu lada ne."

Maganar ta yi wa sarki daɗi, amma yana so a ce da shi adali. Ya aiki waziri ya zaga gari ya dubo halin marasa lafiya. Waziri ya tsaya a ƙofar kowane gida ya ce, "Yaya mai jiki?" Daga ciki a amsa, "Da sauƙi." Ya komo ya faɗi gaban sarki ya ce, "Albishirinka, ya sarki! A zamaninka gari duk ya warke." Aka yi shela cewa daga sabon wata an tsayar da awo.

Domin a shaida tausayinsa, sarki ya ce zai je dubiya da ƙafarsa. Aka kai shi gidan wata mata mai suna Tabawa, wadda mijinta Malam Jatau magini ya faɗo daga katanga shekarun baya, ɓarin jikinsa ya shanye. Geron fada kaɗai ke riƙe da su. Fadawa da waziri suka tsaya a zaure, sarki ya shiga shi kaɗai. Ya tarar da ita zaune a tabarma, mijin yana jingine da ƙirjinta, don in aka kwantar da shi numfashi sarƙe shi yake yi.

Sarki ya ce, "Yaya mai jiki?"

Ta ce, "Da sauƙi, ranka ya daɗe."

Sarki ya yi murmushi, ya ce, "Ku nawa ne a gidan?"

"Ya sarki, in ci ne mu biyu ne. In aiki ne ni kaɗai ce. In barci ne babu kowa."

"Ba ki da mataimaka?"

"Ina da su, manya ma kuwa. Akwai Sannu, akwai Allah Ya Ba Da Lada. Kullum sai sun zo, sai dai har yau ba wanda ya taɓa ɗaukar mini tulu."

Sarki ya ji zafin maganar, ya yi kamar bai gane ba. Sai ta ce, "Abin kunya, baƙo kamarka ko ruwa ban ba ka ba, ga hannuna a cike."

Sarki ya hango yadda labarin zai yi daɗi a bakin maroƙa. Ya ce, "Kawo shi, ni zan riƙe." Ya zauna a tabarma, ta jingina masa Malam Jatau, ta nufi gefen ɗaki wurin randa.

Ruwa bai zo ba. Sarki ya miƙa wuya, ya hango ta zaune a gindin randa, moɗa a hannunta, barci ya kwashe ta. Ya buɗe baki zai yi kira, tsohon ya fara tari, yawu yana zuba a hannun rigar sarki. Ya gyara masa zama, numfashin ya sarƙe, ya yi maza ya mayar da shi yadda yake. Ƙafar sarki ta mutu, bayansa ya ƙage, ƙudaje suka yi masa fadanci. Can ya ji wani ɗumi yana bin cinyarsa, Malam Jatau kuwa ya sunkuyar da kai, hawaye na zuba. Kunyar tsohon ta hana sarki kiran kowa. Tun hantsi yake nan har aka kira azahar.

Tabawa ta farka a firgice, ta zo da moɗa ta durƙusa, ta ce, "Ya sarki, yaya mai jiki?"

Kafin ya yi tunani bakinsa ya riga shi: "Da sauƙi."

Ya ji abin da ya faɗa, ya dubi rigarsa, ya dubi matar. Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba tun da aka naɗa masa rawani.

Bai tashi daga tabarmar ba sai da ya sa aka shigo da waziri. Ya ce a mayar da awo, a ninka shi, rabo ɗaya na mai jiki, ɗaya na mai jinya. Ya ce baitulmali ya ɗauki mutanen da za su riƙa karɓar masu jinya su samu su runtsa. Soro kuma ya jira. Sa'an nan ya ce, "Waziri, na ji kana kwaɗayin lada. Zo ka zauna nan, naka ya fara daga yau."

Aka ce daga ranar sarkin yakan faɗa wa alƙalansa, "Wanda ya auna talakawa da amsar gaisuwa, ladabinsu ya auna. Mai neman adalci sai ya wuce zaure."