Gayyar da Ta Fara daga Gonar Gwauruwa

Akwai wani manomi mai rumbuna uku, mutum ne mai sakin hannu, shi ne kuma shugaban gayya a ƙauyensu. Al'adar garin ita ce, idan damina ta sauka, gayya takan fara noma a gonar wanda ya fi iya ciyar da manoma, a ci gaba bi da bi har a kai ga marar ƙarfi. To, wa ya fi shi tuwo da fura? Kullum gonarsa ce ta fari.

Can ƙarshen layi akwai wata gwauruwa mai 'ya'ya huɗu. Kowace kaka mutumin yakan kai mata damin dawa biyu, ya komo gida yana jin daɗin kansa.

A shekara ta biyar ya sauke damin a ƙofarta, ya ce, "'Yata, wai me ke damun gonar nan taki? Ga ƙasa mai kyau, amma ba amfani."

Ta ce, "Baba, Allah ya saka da alheri. Ƙasa lafiyarta lau. Kafin gayya ta iso wurina ciyawa ta riga ta shaƙe dawar. Abinka nake ci, alhali ina da nawa."

Kunya ta kama shi ƙwarai. Shekara biyar yana ɗaukar dami, bai taɓa tambaya ba.

Da ruwa ya sauka, ya tara jama'a, ya ce bana daga gonar gwauruwa za a fara, tuwon ranar kuwa daga gidansa zai fito. Waɗansu suka yi gunaguni, suka ce, "Taka gonar fa?" Ya ce, "Ta jira. Ita ma ta ɗanɗana ciyawa."

Da kaka ta yi, rumbunsa na uku bai cika ba. Sai ga gwauruwa da dami a ka, ta kawo shi majami'a baikon godiya ga Allah, ta ajiye kusa da nasa damin.

Ma'anar wannan misali ita ce, kyauta tana da kyau, amma Ubangiji yana neman adalci tare da jinƙai. Ku da kuke hidimar taimakon marayu, da gwauraye, da marasa lafiya, ku zauna ku tambaye su, gama mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In kun tarar tsarinmu ne yake ajiye su a baya, ku gyara shi, ko da gonarku ce za ta jira.