Kure da Itacen Ƙarya

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta, Iya!

To ku natsu. Kai mai sosa ƙeya, da kai nake.

An yi wani Kure, matarsa ta haihu. Saura kwana uku suna, sai ya yi sa'a ya tarar da ɓauna ta faɗa rami. Ya yanko ƙafafu huɗu, ya kawo gida, ya rataye su a reshen wata bishiya da ke ƙofar gidansa.

Surukarsa ta leƙo ta taɓe baki. Ta ce, "Hm! Kura da ajiyar nama? In naman nan ya kai ranar suna bai ruɓe ba, a canja mini suna."

Maganar ta yi wa Kure zafi ƙwarai. Ya ce sai ya yi banda, wato ya kyafe naman da hayaƙi don kada ya lalace. Amma fa tun da uwarsa ta haife shi ɗanye yake ci, bai taɓa hura wuta ba.

Ya tafi wurin tsohon Kunkuru, ya durƙusa. Ya ce, "Baba, wane itace ake banda da shi?"

Kunkuru bakinsa cike da goro, ya ce, "Ƙirya."

Kunnen Kure ya ji "ƙarya". Ya ce, "Ƙarya, Baba?"

Kunkuru ya gyaɗa kai, ya ci gaba da tauna.

Kure ya shiga daji yana ta saƙe-saƙe. Ashe ƙarya itace gare ta? Shuka ta ake yi, ko da kanta take fitowa? Yana tafe yana kira, "Wa ke da itacen ƙarya? Wa ke da itacen ƙarya?"

Dila na kwance a inuwa, ya yi zumbur ya miƙe. Ya ce, "Yaya Kure, ai ka zo gidanta. Gadonmu ce tun kakanni. Kawo ƙafa ɗaya, in sara maka."

Kure ya kawo ƙafa. Dila ya ba shi ɓawon kuka ɗanye sharaf. Kure ya hura, ya hura, har kumatunsa suka yi tsami. Ko tartsatsi.

Washegari ya koma. "Dila, itacen nan bai kama ba."

Dila ya ce, "Me ka nema?"

"Ƙarya."

"Me na ba ka?"

Kure ya ce, "Ƙarya."

"To ina laifina? Ƙaramar ce ka saya. Kawo ƙafa ɗaya, in ba ka babba."

Kure ya kawo ƙafa. Dila ya ba shi darbejiya. Wuta ta kama kam, amma da ya yagi tsoka ya ɗanɗana, wayyo, ɗaci kamar maɗaciya! Ya yi maza ya sauke naman.

Rana ta uku ya sake komawa, kansa ya ɗaure tamau. "Dila, in wannan ƙarya ce, me ya sa ba ta yi ba? In kuma ba ƙarya ba ce, to mece ce?"

Dila ya ce, "Me ka nema?"

"Ƙarya."

"Me na ba ka?"

"Ƙarya... ko gaskiya... ni ban sani ba kuma!"

Dila ya ce, "Yau uwar ƙarya zan ba ka. Amma ladana gasasshe nake so, na gaji da ɗanye."

Ya karyo masa tumfafiya tana ɗigar da farin ruwa. Kure ya ɗora ƙafa ta uku. Hayaƙi ya turnuƙe, idanunsa suka yi jawur, hawaye shaaa. Kafin ya murje ido, Dila ya sure ƙafar ya yi daji da ita.

Kure ya zauna gindin bishiyar ƙofar gidansa, ƙafa ɗaya tana lilo a kansa, gobe suna. Kuka ya kama yi, na gaske.

Sai ga Kunkuru tiƙis-tiƙis, goro ya ƙare. Ya ce, "Kai kuwa lafiya?"

"Baba, ƙafa uku na kashe neman itacen ƙarya."

Kunkuru ya ce, "Ƙarya? Ƙirya na ce, sakarai! Ƙir-ya! Ga ta nan ka jingina da ita!"

Kure ya ɗaga kai ya dubi bishiyar, ya dubi Kunkuru, ya sake duban bishiyar. Kwana uku namansa na rataye a jikinta.

Ya sari busasshen reshe, ya hura wuta. Kunkuru ya ce ya bari harshen wuta ya mutu, sai garwashi ya yi ja. Kure ya ɗora ƙafar, kitse na ɗiga, ƙamshi ya cika unguwa.

Ranar suna baƙi arba'in, ƙafa ɗaya. Kowa ya samu ɗan yanki kamar ƙumba. Surukar ta tauna, ta lumshe ido, ta ce, "Ba laifi. Ina sauran ukun?"

Kure ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, ƙarya ta cinye su."

Dila kuwa bai zo suna ba. Naman tumfafiya ya murɗe masa ciki, kwana bakwai yana zarya bayan juji yana kiran uwarsa.

Shi ya sa nake ce muku, in babba ya yi magana da goro a baki, ku jira ya haɗiye ku sake tambaya. Tambaya ba ta cin ƙafar ɓauna.

Ƙurunƙus kan Dila! In ƙarya na yi, ku hura ta mu ga ko za ta kama.