Feshi a Cikin Marka

An yi wani mutum, bawan Allah, a wani gari da ba sai na kama sunansa ba, don in na kama yanzu wata za ta ce ai kakarta 'yar can ce, mu ɓata zaman a kan lissafin dangi. Ba zamanin sahabbai ba ne, ba kuma jiya ba ne. Lokacin nan ne da aka fara buga hoto da inji a kan yadi mai kauri, a ɗame shi a jikin katako, a rataye a bango. Sunan mutumin Haladu, ana ce masa Haladu mai feshi.

Ku saurara ku ji sana'arsa, don da yawanku kuna da irin hoton nan a ɗaki, amma ba ku san hannun da ya bi ta kansa ba. In inji ya buga hoto, tawadar a saman yadin take zaune, ba abin da ya rufe ta. Rana ta ci, hayaƙin girki ya ci, yatsa ya ci. To sai a kai wa mai feshi. Yana da injin iska da bindigar feshi mai ɗan ƙoƙo a ka. A cikin ƙoƙon ake zuba wani ruwa garai-garai, kamar an jiƙa ƙaro an tace, masu sana'ar suna ce masa banish. Ya fesa, ya bushe, ya zama riga ga hoton. Ba ya zana komai, ba ya ƙara komai. In aikinsa ya yi kyau, ba wanda zai gane an yi aiki.

Na ga wata a can baya ta ɗaure fuska. Na sani, za ki ce rataya hoto akwai magana a kai. Akwai. Na karanta maganar, na karanta saɓanin malamai a cikinta, kuma ba ita ta tara mu yau ba. Ki riƙe tambayarki, in an tashi ki same ni.

Sana'ar nan tana da doka guda da kowane mai feshi ya sani, nagari da mugu: ba a feshi in iska ta sha ruwa. In aka fesa cikin danshi, banish ɗin sai ya kama laimar ya rufe ta a ciki, hoton ya yi fari-fari kamar yanar ido. Kuma in ya yi, ya yi ke nan. Ba a kankare shi sai ya taho da tawadar. Wani lokaci a dace, wani lokaci a yi asara, ba mai iya rantsuwa tun kafin a danna.

To, a garin akwai wani attajiri, Alhaji Sagiru. Kada ku sa shi a sahun mugaye tun yanzu, don ba mugu ba ne, mutum ne mai hanzari wanda ya saba in ya ce a yi, a yi. Allunan shagunansa da hotunan bukukuwan gidansu duk Haladu ke fesawa, abokansa ma ta dalilinsa suke kawo nasu. A taƙaice, tukunyar gidan Haladu da itacen Alhaji Sagiru take tafasa.

Alhaji ya gina sabon gida, za a yi walimar tarewa, dangi na zuwa daga nesa. Sai ya ga babban falon nan bai cika ba in ba hoton mahaifinsa, marigayi Malam Jibo. Hoton kuwa guda ne tak a duniya. Ɗan ƙaramin na takarda da aka buga shi daga ciki gara ta cinye, shagon da ya buga ya daɗe da rufewa. Kada wata ta ce a ɗauka da waya, lokacin waya ba ta da ido. Wannan guda ɗayan yana rataye a ɗakin mahaifiyarsa, Inna Lantana, tun da aka buga shi, ba a taɓa fesa masa komai ba. Alhaji ya shiga gaida ta, ya sauke hoton, ya ce mata za a ɗan goge masa ƙura a dawo da shi.

Ana tsakiyar marka. Kun san kwanakin nan da shanya ba ta bushewa, gishiri ya yi ruwa a kwano, ashana ta ƙi kamawa. A irin wannan rana Alhaji ya tsaya da mota a ƙofar rumfar Haladu, ya ce yana so a fesa wa hoton nan banish mai kauri, ya yi sheƙi, kafin la'asar, don gobe ne walima.

Haladu ya karɓa da hannu biyu. Ya karkata shi wajen haske, kamar yadda yake yi wa kowane aiki. Sai ya ga a kuncin Malam Jibo na dama tawadar ta ɗan koɗe, daidai faɗin babban yatsa. Ya gane abin da ya koɗar da ita. Ya dubi sama, ya shafa bangon rumfarsa ya ji sanyi, sannan ya ba Alhaji haƙuri, ya ce yau ba ranar feshi ba ce, ya faɗi dalili.

Alhaji ya yi dariya. Ya ce ai ya sani, ba yau ya fara kawo aiki ba, kuma ya sha ganin an fesa da damina an dace. Ya ce tsoron Haladu dai kada a ɗora masa laifi ne, to ga magana a gaban shaidu. Ya juya wajen masu zaman benci a rumfar ya ce:

"Ku shaida. In ya lalace, na yafe. Ba ruwan Malam Haladu, ni na sa shi."

Masu benci suka ce to ai magana ta ƙare. Wani ya ce mai kaya ya ce a yi, me ya rage? Wani dattijo ya ƙara da cewa bin na gaba bin Allah ne.

Ku saurara a nan, don nan ne wurin. Karin maganar nan tun muna yara ake ɗura mana ita. Na nemi inda aka ce duk abin da na gaba ya faɗa shi ke nan, ban samu ba. Abin da na samu shi ne, biyayya tana cikin abin da yake daidai. Amma mu, da zarar babba ya ce "na ɗauke maka", sai mu saki jiki, kamar shi zai tsaya mana ranar tsayuwa.

Haladu ya ajiye hoton a hankali, ya rusuna, ya ce:

"Ranka ya daɗe, yafewarka ta isa a kan abin da yake naka. Wannan kuwa a ɗakin Inna yake kwana. Ta san za a fesa shi yau?"

Alhaji ya ce shi za a tambaya tsakaninsa da uwar da ta haife shi? Ya ce ubansa ne a jikin yadin nan ko uban Haladu? Ya faɗi maganganu, irin waɗanda mutum kan faɗa in an taɓa shi a inda ya san ba shi da gaskiya. Ya sunkuci hoton, ya ce akwai mai fentin mota a bakin tasha, shi ba ya wa'azi, fesawa kawai yake yi.

Da ni ce na ƙaga labarin don a yaba wa mai haƙuri irin wanda muka saba yabawa, da a nan zan ce Haladu ya sunkuyar da kai, ya ce Allah ya kyauta, hannunsa dai bai taɓa ba. Da yawa za su ce ya fita. Shi bai ga ya fita ba. Ya san abin da mai fentin mota zai zuba, ya san abin da sama take ciki, ya kuma san akwai tsohuwa a gida tana jiran a goge ƙura a dawo mata da mijinta. Sai ya ce wa Alhaji, ba da faɗa ba, ba a bayan idonsa ba, shi ba zai iya ƙwace hoton ba, amma yanzu zai rufe rumfa ya tafi ya sanar da Inna. Ya ja ƙyaure, ya hau kekensa cikin yayyafi.

Masu benci suka bi shi da baki. Suka ce shiga sharo ba shanu. Suka ce talaka bai san samun wuri ba.

Ya isa, ya yi sallama a zaure, aka yi masa iso. Inna Lantana tana zaune a kan tabarma, ga ƙusa a bango ba komai a jikinta. Ya durƙusa ya gaida ta, ya faɗa mata ko shi wane ne, ya faɗi abin da ake shirin yi da abin da zai iya faruwa. Bai ƙara gishiri ba. Har ya ce Alhaji ba da mugun nufi ya yi ba, so yake baƙi su ga mahaifinsa cikin daraja. Tsohuwa ta saurara har ya gama, sannan ta aika a ce wa Sagiru ya zo yanzu, shi da hoton.

Ashe Alhaji bai kai tasha ba. Tun da ya ji inda Haladu ya nufa, ya san in ya bari aka fesa bayan magana ta kai kunnen Inna, to ya shiga abin da kuɗi ba sa fitarwa. Ya shigo, babban mutum da babbar riga, ya tsuguna a bakin ƙofa kamar yadda yake yi tun yana ɗan makaranta. Ta ce masa ita ƙura ta ji an ce za a goge, ba ta san ƙurar tana bukatar bindiga ba. Ya miƙa mata hoton.

Ta karɓi hoton ta ɗora a cinya. Babban yatsanta ya tafi kai tsaye kan kuncin nan da ya koɗe. Ta tambayi Haladu, in an bar shi haka me zai faru. Ya ce zai ci gaba da dushewa a hankali, jikokinta na ƙarshe ƙila inuwa kawai za su tarar. Ta ce in an fesa a lokacin da ya dace fa? Ya ce zai daɗe ƙwarai, da yardar Allah. Sai ta ce:

"Ɗan nan, in ka fesa, hannuna zai riƙa taɓa shi?"

Ku duba, 'yan'uwa. Haladu ya riga ya ɓata da wanda yake ba shi aiki. Ga tsohuwa tana neman kalma guda mai daɗi, kuma da ya ce "eh", ba mai kama shi, don abin garai-garai ne, ido ba ya gani. Ya ce:

"A'a, Inna. Banish za ki taɓa. Santsi za ki ji, ba saƙar yadin ba."

Ta daɗe tana kallon hoton. Sannan ta yanke hukunci, don ita ce mai shi. Ta ce a kai shi falon Sagiru gobe yadda yake, a rataye sama inda hannu ba ya kaiwa, baƙi su ga Malam ba sheƙi, ai da ransa ma ba mai sheƙi ba ne. In an watse a dawo mata da shi. A bar mata shi har damina ta fita. In kaka ta yi, sai Haladu ya rufe shi saboda jikoki.

Haka aka yi. Da ruwa ya ɗauke, iska ta bushe, aka kai masa. Waɗanda suka gani sun ce ya share rumfar ya yayyafa ruwa a ƙasa tun da sassafe, ya bari ƙura ta lafa. Ya tace banish ɗin da ƙyalle. Ya gwada bindigar a kan wani guntun yadi har feshin ya fito lallausa kamar numfashi. Ya tsaya, tazarar kamu guda tsakanin bakin bindiga da hoto, ya fara tun daga wajen gefe, ya wuce har wajen ɗaya gefen kafin ya saki yatsa, don kada ɗigo ya sauka a fuska. Shafi siriri, ya bari ya sha iska, ya juya hoton, ya sake bi a gicciye. Wurin da ya koɗe bai cike shi da launi ba, don ba a sa shi ba, ya rufe shi yadda yake. Hoton ya fito garau. Inna ta rayu ta gan shi, ya kuma wuce ta, ya wuce Sagiru, yana nan hannun jikoki.

Na san abin da kuke jira. Kuna jira in ce Alhaji ya dawo yana kuka, ya saya masa gida, ya kai shi Makka. Bai yi ba. Gaisuwa dai suna yi, amma aikinsa bai sake zuwa rumfar ba, abokansa ma suka janye. Shekarar nan Haladu ƙofofin ƙarfe da gadaje ya koma fesawa don a ci tuwo. Ni ba na son labaran nan da ake gama su da buhun zinariya, don suna koya mana cewa gaskiya kasuwanci ce, in ba ta biya ba a canja sana'a. Ladan Haladu yana wurin da ba ya ɓata. Abin da ya samu a nan duniya shi ne, har ya koma ga Allah ba a taɓa kawo masa kaya aka tsaya gadi ba. Irin waɗannan mutane a cikinmu suke, a unguwanninmu, da tabon fenti a riga. Ni da su nake tinƙaho, ba da masu dogon rawani ba.

To ga abin da nake so ku tafi da shi. Ba kowa ne ya ce "na yafe" yake da ikon yafewa ba. Kafin ki karɓi izini, ki tambaya haƙƙin na wane ne. Ke mai ɗinki, in miji ya ce ki yanka atamfar matarsa shi ya ɗauke miki, matar ta sani? Ke mai riƙon maraya, in kawunsa ya ce a sayar da akuyar yaron ba komai, akuyar ta kawu ce? Ke da aka ba ajiya, in wani babba a gidan ya ce ki taɓa, shi zai yi bayani, shi ya ba ki? Cire hannu kaɗai ba ya wanke mutum in ya san mai abin bai sani ba, alhali ƙafarsa za ta iya kai shi. Ku je ku faɗa wa mai haƙƙi, da ladabi, a gaban ido ba a bayan ido ba. In ya tambaye ku, ku faɗa masa gaskiya ko da ba ita yake so ya ji ba, sannan ku bar shi ya zaɓa. Za a ce kun cika shisshigi, ƙila ma ku rasa wani abu. Ku rasa ɗin. Allah ya sa mu cikin masu riƙon amana, ya jiƙan magabatanmu, ya kyautata namu ƙarshen.