Ɗan Goyo

Ku gyara zama ku ji wata magana da ta faru a bakin babban tafki, wajen ƙasar Yawuri. Amma kada wanda ya yanke hukunci sai na kai aya.

'Yan'uwa uku ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Haliru shi ne babba, yana da jirgin da iska ke turawa, an ɗaura masa tamfol a jikin dogon itace. Jirgin yana cin ruwa da zurfi, ba ya iya matsawa gaɓa in ruwa ya ja baya. Ɗayyabu kafinta ne, Mamuda kuwa ɗan dambe, ƙato mai faɗin kafaɗa. Suna da ƙanwa guda, Kulu, tana aure a wani tsibiri can tsakiyar ruwa.

Ɗayyabu ne ya ƙera wani ɗan kwalekwale da siririn katako, ya haɗa gaɓoɓinsa da tamfol da ƙaro, ana naɗe shi kamar tabarma a ɗaure a gefen babban jirgi. In za a shiga, sai a buɗe shi, a cusa katakon zama a tsakiya ya tokare gefe da gefe. In babu wannan katako, sai ya rufe kamar bakin kada. Mutanen gari suka yi ta dariya, suka sa masa suna Ɗan Goyo. Haliru ma ya fi kowa tsiya. Ya yarda ya ɗauka ne kawai don kada ya ɓata wa ƙanensa rai, katakon zaman kuwa ya mai da shi abin gyaran kifi a tsakar gidansa.

Wata ranar kasuwa da rani, Bawa mijin Kulu ya bugo wa Haliru waya. Naƙuda ta tsaya, ungozoma ta ce abin ya fi ƙarfinta, sai asibiti. Kwalekwalen tsibirin duk sun tafi cin kasuwa.

Nan take Haliru ya kira Ɗayyabu da Mamuda suka shiga jirgi. Shi ya goyi Kulu tana ƙarama, ba ya haɗa ta da kowa. Iska ranar ba ta goyon bayansu, daga gaba take busowa. Da wani matuƙin ne, da sai ya haƙura. Haliru ya yi ta karkata jirgi dama da hagu, yana satar iska kaɗan kaɗan, yana kauce wa kututturan da ke ɓoye a ƙarƙashin ruwa, waɗanda shi kaɗai ya san mazauninsu. Haka ya kai su har inda suke hango bukkokin tsibiri. Daga nan sai laka da ruwa mara zurfi, jirgi ba ya wucewa, mutum kuma in ya taka sai ya nutse har ƙugu.

Ɗayyabu ya kwance Ɗan Goyo, ya buɗe shi a kan jirgi, ya ɗaura gaba, ya ɗaura baya, ya miƙa hannu ya ce, “Yaya, katakon zama.”

Sai a lokacin Haliru ya tuna. Kunya ta kama shi har ya kasa ɗaga kai. Ya ce, “Yana gida, ƙayar kifi na kansa.”

Ba wanda ya tsaya faɗa, don ba lokacinsa ba ne. Mamuda ya dubi ɗan kwalekwalen, ya tuɓe riga ya ce, “Ai ga katako.” Ya shiga ya zauna a gicciye, ya jingina bayansa da gefe ɗaya, ya tokare ɗayan da ƙafafunsa. Ɗan Goyo ya buɗe ya tsaya cak. Ɗayyabu ya tuƙa suka isa gaɓa, aka kwantar da Kulu a kan cinyoyin Mamuda. A hanyar dawowa ruwa na matsa katako, katako na cin bayansa har ya fasa fata, ƙafafunsa suka yi ta kakkarwa, amma bai lanƙwasa gwiwa ba. Da ya sassauta ko kaɗan, da kwalekwalen ya rufe da su duka.

Suka ɗora ta a babban jirgi. Yanzu iska ta koma bayansu, Haliru ya sake mata tamfol gaba ɗaya, jirgi ya yi ta tsaga ruwa. Kafin la'asar Kulu ta sauka lafiya a asibiti, ta sami ɗa namiji. Malamar da ta karɓi haihuwar ta ce da an ƙara jinkiri, da labari ya sha bamban.

Ana gobe suna, Bawa ya zo gidan surukansa ya durƙusa. Ya ce ba shi da abin da zai saka da shi, sai dai ya yi wa wanda ya ceci matarsa takwara. Aka tambayi Kulu, ta yi dariya ta ce ita ba ta raba hanta da jini.

Ɗayyabu ya ƙera abin da aka yi wa dariya, ba don shi ba da babu hanyar gaɓa. Mamuda ya mai da jikinsa katako. Haliru shi ya manta katakon, gaskiya ne, amma shi ya kai su, shi ya dawo da su, kuma ba wanda zai iya wannan tuƙi in ba shi ba.

To, gobe da safe liman zai tambaya, ga rago ɗaya, ga yaro ɗaya. Sunan wa za a raɗa masa?