Jan Tsumma a Gonar Auduga

Akwai wani mutum da ya gaji gonar auduga daga mahaifinsa. A birni ya girma, wannan kuwa ita ce shekararsa ta fari a noma. Audugar irin ta gida ce, gauraye take: wata doguwa mai manyan 'ya'ya, wata gajeriya mai ƙanana.

Ran wata Talata da rana, lokacin da auduga ta fara buɗewa, ya hangi gwaggonsa a tsakiyar gonar. Tsohuwa ce mai sana'ar kaɗi. Takan tsaya gaban itace, ta ciri auduga kaɗan, ta ja ta tsakanin yatsu. Wani ta wuce shi, wani ta ɗaura masa jan tsumma. Sai mutumin ya tuna an taɓa gaya masa cewa ita da mahaifinsa sun yi jayayya a kan wannan gona.

Ya ƙarasa ya durƙusa. “Gwaggo, sannu da rana. Yau a gonata aka yini?”

Ta yi dariya. “Ɗan birni, tun ba a haife ka ba nake shiga gonar nan. Kada dai ka taɓa mini tsummokina.”

Da ta tafi, ya bi kunya-kunya yana dubawa. Duk itacen da ke da tsumma gajere ne, 'ya'yansa ƙanana. Ya ce a ransa, “Ashe sammu ne, abin da ya tsumburar da su ke nan. So take gonar ta lalace in gudu, ɗanta ya karɓa.”

Da ya koma gida ya gaya wa matarsa, sai ta ce, “Maigida, je ka tambaye ta mana. Gidanta ba nisa.”

Ya ce, “In tambaye ta, ta gane na farga?”

Washegari ya tumɓuke duk mai tsumma, ya tara a bakin gona, ya cinna wuta.

Ranar cirar auduga, ga gwaggo da ƙwarya a hannu. Ta duba gabas, ta duba yamma, sai toka ta gani. Ta zauna a kan kunya.

Can ta ce, “Ɗana, gajerun nan su ne masu dogon sili, zarensu ba ya tsinkewa a mazari. Manyan da ka bari kyan gani kawai gare su. Kowace shekara ni ke zaɓa, mahaifinka ya ware anguryarsu don iri. Gonar kam mun yi rigima a kanta, amma iri na kakanmu ne.”

Ya zaga ƙauyen yana neman irin, bai samu ba. Da shekara ta kewayo, masu kaɗi suka ƙi audugarsa.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa, gonar ikkilisiya ce, audugar kuwa mu ne. Ubangiji bai yi mu iri ɗaya ba, sau da yawa kuma baiwarsa tana wurin wanda ido ya rena. Wutar nan zato ne. Mutumin bai shuka mugunta ba, tsohon labari kawai ya riƙe, ya ƙi yin tambaya ɗaya. In ka ga ɗan'uwa yana yin abin da ba ka gane ba, kada ka yanke masa hukunci a zuci. Tashi ka je ƙofarsa, ka yi sallama, ka tambaye shi kafin ka tumɓuke abin da ba za ka iya mayarwa ba.