Ƙafar Baba Birki a Ƙarƙashin Tebur

Akwai wani mutum mai koyar da tuƙin mota da ɗalibansa suka laƙaba wa suna Baba Birki. Motar da yake koyarwa da ita birki biyu gare ta, ɗaya a ƙafar mai koyo, ɗaya a tasa. Kafin ɗalibi ya gama tunanin yin kuskure, Baba Birki ya riga ya taka.

Ba shi da abin alfahari kamar wannan. Duk inda ya zauna sai ya ce, "Tunda nake, ɗalibina bai taɓa ko gogar mota ba." Kuma ba ƙarya yake yi ba.

Yana da 'yar auta da ke shekarar ƙarshe a sakandare, kowa Auta yake ce mata. Burinta ta karanci haɗa magunguna a jami'a. Yayyenta babu wanda ya samu wucewa gaba, don haka idon gidan duka a kanta yake. Ga shi jarrabawar shiga jami'a sau ɗaya ake yi a shekara. Wanda ya faɗi sai zaman gida, yana kallon abokansa suna haɗa akwati.

Baba Birki ya ce wannan aikinsa ne. Ya sayo littafin tsofaffin tambayoyi, ya yage shafukan amsoshi na baya ya riƙe a hannunsa. Kullum da yamma idan ya ajiye mota, sai su zauna a teburin falo, ita da fensir, shi da amsoshi da tabarau a kan hanci.

Auta ta riƙa cinyewa kamar wasa. Ta nuna wannan amsa da fensir, ta ɗan tsaya, ta koma waccan, sai ka ga ta dace. Da wuya ta faɗi tambaya biyu a zama ɗaya.

Ai kuwa unguwa ta sha labari. Har mai faci sai da ya san Auta ta gama da jarrabawa tun ba a shiga ba.

Ana nan sai makarantarsu ta shirya musu jarrabawar gwaji a kwamfuta, irin yadda ta gasken za ta kasance. Da sakamako ya fito, ko rabin maki Auta ba ta samu ba.

Baba Birki ya tashi da faɗa. "Kwamfutarsu ce ta lalace! Yarinyar da nake gani da idona tana cinyewa?"

Auta tana kuka ta ce, "Baba, ba kwamfuta ba ce. Na zauna ina nuna amsa ina jiran wani abu, ni kaina ban san me nake jira ba. Duk wadda na nuna sai in ji shiru. Har lokaci ya ƙare ban kai ƙarshe ba."

Mama, mahaifiyar Auta, tana zaune a ƙasa tana ninke wanki, inda ta saba zama duk lokacin da suke karatun. Wanda ke zaune a ƙasa kuwa yana ganin abin da ke ƙarƙashin tebur. Ta daɗe tana zargin wani abu, sai ranar maganar Auta ta tabbatar mata.

Ta ce, "Malam, ku ɗan sake yi yanzu in gani. Amma ka cire takalmi, ka naɗe ƙafafunka a kan kujera."

Ya harare ta ta saman tabarau. "Maman yara, karatu muke ko tausa za ki yi min?"

"Kai dai naɗe."

Ya naɗe yana mita. Auta ta ɗauki fensir. Ta nuna amsa, ta tsaya, ta saurara, ba ta ji komai ba, ta cike. Ta faɗi ta farko. Ta faɗi ta biyu. A ta uku ƙafar Baba Birki ta dama ta zame daga kujera da kanta, ta daki ƙasa, tim! Nan take Auta ta janye fensir ta koma wata amsar.

Mama ta ajiye wankin da ke hannunta.

Mama ta ce, "Ka gani? Duk lokacin da fensirinta ya nufi kuskure, sai ka taka birki. Kai ba ka san kana yi ba, ita ba ta san tana ji ba. Wata da watanni kai kake rubuta jarrabawar nan da ƙafa."

Ya so ya musa, sai ya kalli ƙafarsa, ya kalli 'yarsa. Wallahi ya ba ni tausayi a nan, don ba mugunta ya yi ba. So ne ya yi masa yawa har ya zama cuta.

Can ya ce a hankali, "Ashe ni nake ta tuƙin, ita tana riƙe da sitiyari kawai."

Tun daga ranar tsari ya canza. Auta za ta zauna ita kaɗai a falo da agogo a gabanta. Baba Birki zai fita ƙofar gida ya zauna a benci har lokaci ya cika. Idan ya shigo ya duba, zai yi wa kuskure alama kawai, ba zai faɗi amsar ba. Ita za ta koma littafi ta nemo dalilin da ya sa ta faɗi.

Makonnin farko ba su yi daɗi ba ko kaɗan. Takarda ta riƙa fitowa da jan biro kamar an yanka kaza a kanta. Jarrabawa kuma sai matsowa take.

Wata rana Auta ta biyo shi har benci, idonta jawur. "Baba, don Allah ka dawo ka zauna kusa da ni. Ko ba ka yi komai ba. Da kana nan ina cinyewa."

Zuciyarsa ta karye, har ya yunƙura zai tashi. Sai ya koma ya zauna.

Ya ce, "Auta, ranar jarrabawa ba za su bar ni in shiga ba. Gara ki faɗi a falonmu sau ɗari, inda faɗuwa ba ta cin shekara. Koma ki ƙarasa, ina nan ba inda za ni."

Ta koma tana share hawaye. Shi ma da ta juya baya sai da ya cire tabarau ya goge ido.

A hankali jan biro ya fara raguwa. Ba kullum ba, don wata rana ta hau, wata rana ta sauko. Amma ta daina tsayawa tana saurare. Ta koyi tsallake tambayar da ta gagare ta, ta dawo mata daga baya. Ta gane lissafin sinadarai ne ke kayar da ita, ta je da kanta ta roƙi malaminsu ya ƙara mata bayani.

Aka yi jarrabawa, sakamako ya fito. Ba ita ce ta ɗaya ba, amma makinta ya wuce abin da ake nema, kuma jami'ar da ta zaɓa ta ɗauke ta.

Ranar rajista Baba Birki ya kai ta har ƙofar jami'a. Ya kashe mota zai fito, Auta ta ce, "Baba, bari in gwada da kaina."

Ya zauna yana kallonta ta gilashi, rungume da takardunta. Ga allo ƙato yana nuna ofishin rajista a hannun dama, sai Auta ta yi hagu.

Hannunsa ya kai kan hon. Ya tsaya a nan. Bai danna ba.

Ta yi tafiya kaɗan, ta tsaya, ta waiga. Ta tambayi wata ɗaliba da ke wucewa, ta yi dariyar kanta, ta juyo ta yi dama. Da ta zo daidai motar ta ɗaga masa hannu ba tare da ta tsaya ba, ta shige cikin ɗalibai.

Baba Birki ya sauke hannunsa, ya ce, "Alhamdulillahi," ya tayar da mota.

Darasi: Iyaye, taimakon da ke hana yaro yin kuskure yana hana shi iyawa. Ku saya masa littafi, ku ba shi lokaci, ku yi masa addu'a, amma ku bar shi ya faɗi a gida inda akwai mai ɗaga shi, domin ɗakin jarrabawa shi kaɗai zai shiga. Idan kun san uwa ko uban da ɗansu ke shirin shiga jami'a, ku tura musu wannan tun da sauran lokaci.