Takwaran Ɗan Tasalla

Ku gyara zama, yau akwai shari'a a gabanku.

Tasalla ma'aikaciyar ɗakin gwajin jini ce a wani asibiti, ga ta da tsohon ciki. Ran nan aka tashi ƙara wa wata Binta Sule jini, Allah ya sa likita ya sake gwadawa. Ashe rukunin jinin da ke kwamfuta ba nata ba ne! Aka duba, Tasalla ce ta shigar. Aka ba ta kwana uku ta wanke kanta, ko ta kama gabanta. Baiwar Allah, ko ruwa ya ƙi wuce mata.

Babbar kwamfutar asibitin tana rubuta duk umarnin da aka ba ta, amma a al'ada fom ɗin kawai take ajiyewa, ban da abin da aka cike: "A sa wa wance rukuni kaza." Wace ce wance? Mene ne kaza? Oho!

To, akwai mutum uku a ofishin kwamfutar. Mudi ne ya saita ta tun bara ta riƙa rubuta har abin da aka cike a guraben fom ɗin. Aka yi masa ca, wai zai cinye wurin ajiya a kwamfutar, wai sirrin marasa lafiya ne. Ya kulle rubutun da kalmar sirri, ya toshe kunnensa.

Da wurin ya cika kuwa, aka ce Iro ya goge tsoffin bayanan. Iro fa ko tsohuwar leda ba ya yarwa. Sai da ya kwafe su a faifai, ya jefa a durowa.

Da maganar Tasalla ta taso, Tukur kuma ya ɗauko faifan, Mudi ya buɗe masa, ya zauna kan layin rubutu dubu ɗari, kwana biyu, har idonsa ya yi ja. Ran na uku ya buga tebur: "Ga shi! Daidai ta shigar!" Ashe bayan ta gama ne manhajar da ke haɗe sunaye iri ɗaya ta ɗauki Binta Sule biyu a matsayin mutum ɗaya, ta ɗora wa wannan rukunin jinin waccan.

Tasalla ta zube a kujera tana dariya tana hawaye. "Alhamdu lillahi! Wallahi yau zan ci tuwo malmala biyu."

Bayan mako uku ta haifi namiji. Maigidanta ya ce, "Maman jariri, ki zaɓi wanda za a yi wa takwara a cikin mutanen nan uku."

Ɗa dai guda ne, gobe suna. To, jama'a, sunan wa za a raɗa masa: Mudi, Iro, ko Tukur?